Darasi: Sojan kiyaye zaman lahiya, mi ke tsare ransa?

In yaƙi ya ɓarke cikin wata ƙasa, Majalisar Ɗinkin Duniya takan aika sojoji su shiga tsakani. Ana gane su da shuɗiyar hula da farar mota. An soma wannan aiki a shekarar 1948. Sojojin Nijar sun yi shi a Kodibuwar da Mali.

Mai rabon faɗa shi ma yakan sha duka. Ran 3 ga Oktoba 2014, ƴan bindiga suka yi ma ayarin sojojin Nijar kwanton ɓauna tsakanin Menaka da Ansongo, cikin Mali. Soja 9 suka rasu.

Daga 1948 zuwa yau, mutum fiye da 4.000 sun rasu cikin wannan aiki. Amma ba harsashi ne ya kashe mafi yawansu ba. Cuta da haɗari, kamar na mota da na jirgi, sun fi kisa.

Don haka kariyar soja iri-iri ce:

Hular ƙarfe da rigar sulke suna tare harsashi.
Masu neman nakiya suna duba hanya kafin ayari ya wuce.
Lamba, gidan sauro da ruwa mai tsabta suna tare cuta.
Zaman amana da mutanen gari yana kawo labarin haɗari tun da wuri.

Kowace shekara, ran 29 ga Mayu, duniya tana tunawa da waɗannan sojoji.

Tambayoyi
1. Da mi ake gane sojan kiyaye zaman lahiya?
2. Mi ya faru tsakanin Menaka da Ansongo?
3. Wace kariya ce soja da manomi duka suke bukata?