Darasin Kasuwanci: Yadda Jimla Ke Kumbura a Rahoton Kwamfuta

Tsarin adana bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, yana da tarko ga mai lissafi.

Alal misali, dillalin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da ke Jos ya sayar da kayan Naira 90,000, aka biya shi kashi uku. Muddin aka haɗa jadawalin ciniki da na biya, cinikin zai fito sau uku, jimla ta koma Naira 270,000. Dillalin zai ga ribar da babu ita, harajinsa kuma ya ƙaru.

Maganin shi ne a tara kowane jadawali daban kafin haɗawa, sannan a gwada jimlar da littafin rasit.