Layin Ayyukan Bayan Fage: Abin Da Mai Kamfani Zai Duba A Allon Sa Ido

Duk wanda ya taɓa sayen katin waya ko lambar wutar lantarki ta wayar hannu ya san wani ɗan jira da akan yi: an cire kuɗi, manhaja ta ce an karɓi buƙata, amma saƙon bai iso ba tukuna. Galibi jiran ba ya wuce sakan kaɗan. Wani lokaci kuwa yakan kai awa guda, mai saye na ta bugo waya, akawu na ta ba da haƙuri. Abin da ke gudana a wannan tsakani shi ne batun darasin wannan mako, domin a nan kamfanoni da dama ke asarar kuɗi da abokan ciniki ba tare da masu su sun san inda matsalar take ba.

Manhajar ciniki ba ta kammala kowane aiki yayin da mai saye yake tsaye. Abin da zai ɗauki lokaci, kamar tura saƙon tes, fitar da rasit, tuntuɓar banki ko haɗa rahoton cinikin yini, sai ta rubuta shi a ɗan taƙaitaccen bayani, ta jefa shi cikin layi, ta sallami mai saye. Wasu ƙananan manhajoji da ake kira ma'aikata su ke ɗaukar ayyukan ɗaya bayan ɗaya suna aiwatarwa, ba tare da kowa ya gani ba. Wannan ya sa ake ce musu ayyukan bayan fage. Tsarin ya yi kama da na shagon tela: ana karɓar yadi a gaba, a rubuta awo, a ba da rana, ɗinkin kuwa a ciki ake yin sa.

Manhajojin da ke wannan aiki sanannu ne a wurin masu sana'ar. Akwai Celery, wadda ta fito a shekarar 2009 domin masu rubutu da harshen kwamfuta na Python, akwai kuma Sidekiq, wadda Mike Perham ya fitar a 2012 domin masu aiki da Ruby. Shi kansa layin akan ajiye shi a wata manhaja dabam, kamar Redis ko RabbitMQ, ko a yi hayarsa daga kamfanin Amazon, mai tsarin da ake kira SQS. Sidekiq na zuwa da allonta na sa ido, wanda ake buɗewa kamar kowane shafin intanet. Masu Celery kuwa sukan girka wata manhaja mai suna Flower domin wannan buƙata. Ba lallai ne mai kamfani ya san yadda ake girka ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma karanta allon bai fi karanta littafin bashi wuya ba, kuma a haƙiƙa littafin bashi ne: kowane aiki da ke kan layi alkawari ne da kamfani ya ɗauka bai cika ba.

A allon Sidekiq, alal misali, ana ganin adadin ayyukan da aka gama, da waɗanda suka gaza, da waɗanda ake cikin yi, da masu jiran layi, da waɗanda aka sanya wa lokaci a gaba, da masu jiran a sake gwada su, sa'an nan matattu. Idon baƙo yakan tsaya ne a kan manyan lambobi, watau jimlar abin da aka gama, wadda kan kai miliyoyi. Wannan lamba tana faranta rai, amma tarihi ce kawai. Hatta tsawon layi ba ya faɗin gaskiya shi kaɗai, domin ayyuka 5,000 masu sauƙi na iya ƙarewa cikin minti ɗaya, alhali guda 50 masu nauyi na iya cin rabin yini. Lambar da ta fi dacewa a fara dubawa ita ce tsawon lokacin da aikin da ya fi daɗewa a layi ya yi yana jira. Ita ce ke nuna halin da mai saye yake ciki a daidai wannan lokaci, kuma Sidekiq na nuna ta a gefen sunan kowane layi.

Lissafin layi tsohon ilimi ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, A. K. Erlang, shi ne ya aza harsashinsa a 1909 yana aiki da kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, inda ake son sanin layukan waya nawa za su wadaci masu kira. A 1961 kuma Ba'amurke John Little ya tabbatar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, cewa a tsarin da ya daidaita, matsakaicin yawan masu jira daidai yake da yawan masu shigowa a kowane minti, idan aka ninka shi da mintocin da kowannensu ke yi a ciki.

Misali zai fi fito da amfanin wannan. A ƙaddara wani kamfani mai sayar da katin waya yana karɓar buƙatu 600 a kowane minti da yamma, kowace buƙata kuma tana cin sakan 2. Ke nan ma'aikaci ɗaya yana gama 30 a minti, ma'aikata 20 kuma za su riƙe cinikin cif-cif, babu rara. To, sai kamfanin da ake saro katin daga wurinsa ya ɗan yi nauyi, amsarsa ta koma sakan 3. Ƙarin sakan ɗaya tak, wanda mutum ba zai lura da shi ba. Amma yanzu ma'aikatan 20 ba sa gama fiye da 400 a minti, ana samun ragowar 200 a kowane minti. Bayan awa guda ayyuka 12,000 sun taru, wanda ya sayi kati a wannan lokaci kuma sai ya jira minti 30. Babu abin da ya lalace, babu aikin da ya gaza, shafin kamfani na buɗewa lafiya lau. A allon sa ido kaɗai ake ganin lokacin jira yana hawa. Ko da an ninka ma'aikata zuwa 40 nan take, rarar ƙarfin 200 ne a minti, don haka sai an ƙara awa guda kafin layin ya washe. Akwai kuma wani tarko: idan nauyin daga wancan kamfani ne, ƙara masa kira na iya ƙara danne shi.

'Yan kasuwar Nijeriya sun ɗanɗani irin wannan cunkoso a farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya. Masu shaguna da yawa sun riƙa tsare kaya suna jiran saƙon shigar kuɗi da ke makara. Tsarin da aka auna shi da cinikin ranar da ba ta da hayaniya ba ya ɗaukar irin wannan ambaliya.

Bayan lokacin jira, sashen da ya fi buƙatar natsuwa shi ne na sake gwaji. Idan aiki ya gaza, Sidekiq ba ta yar da shi. Bisa tsarinta na asali takan sake gwada shi har sau 25, tana ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, abin da ke ɗaukar kimanin kwana 20. Wanda ya ƙi yiwuwa bayan haka sai ya koma cikin matattu, inda ake ajiye shi har wata shida, kuma ma'ajiyar ba ta riƙe fiye da 10,000. Wannan tanadi ya dace da rahoton da ba a gaggawarsa. Bai dace da mayar wa mutum kuɗinsa ba. A watan Yuni na 2020, Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade cewa a warware cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin awa 72. Aikin mayar da kuɗi da aka bari yana zagaye a sashen gwaji na mako biyu ya ƙetare irin wannan wa'adi tun da daɗewa, alhali manhaja na ganin ba ta yi laifin komai ba. Saboda haka wajibi ne a ɗora wa wani mutum takamaimai alhakin leƙa wannan sashe kowace safiya.

A nan ne kuma haɗari mafi tsada yake. Allon na ɗauke da maɓallin sake gwada dukkan ayyukan da suka gaza a lokaci guda, kuma hannun ma'aikacin da kira ya yi wa yawa yakan yi saurin kai wa gare shi. Sai dai gazawa a allo ba kullum take nufin ba a yi aikin ba. Mai yiwuwa banki ya biya kuɗin, amsarsa ce ta ɓace a hanya. Idan aka sake turawa, an biya sau biyu ke nan. Irin haka na faruwa ko ba a taɓa maɓalli ba. A tsarin SQS, idan ma'aikaci ya ɗauki aiki bai ba da shaidar kammalawa cikin sakan 30 ba, wanda shi ne wa'adin asali, aikin yakan sake bayyana a layi, wani ma'aikacin ya ɗauka. Maganin da masana suka yarda da shi shi ne kowane biya ya kasance da lambar shaida tasa, yadda in ta sake zuwa za a gane ta a ƙi maimaitawa. Tambaya ɗaya ce mai kamfani zai yi wa injiniyansa, kuma ya nemi amsar a rubuce: wane aiki ne in aka yi shi sau biyu kuɗi zai fita sau biyu?

Raba layuka ma abu ne mai sauƙi da ake sakaci da shi. Idan saƙonnin barka da Sallah 50,000 suka shiga layi ɗaya da lambar sirrin da mai saye ke jira domin ya kammala biya, lambar za ta iso bayan wa'adinta ya ƙare, cinikin kuma ya tafi. Ayyukan kuɗi da na gaggawa su sami layinsu da ma'aikatansu, talla da rahoto su bi wani.

Har ila yau, allon kansa ƙofa ce. Ta cikin Flower ana iya soke aiki, a rage ko a ƙara ma'aikata, har a kashe su. Ta allon Sidekiq ana iya share layi sukutum. Manhajojin biyu sun bar wa mai girkawa alhakin sanya kalmar sirri, ba kowa ne kuma ke tunawa ba. Bugu da ƙari, bayanin da ke jikin kowane aiki a fili yake ga mai kallo, kuma sau da yawa yana ɗauke da lambar waya, adireshi ko lambar asusun mai saye. Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a Nijeriya a watan Yuni na 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan kamfanin da ya tattara su. Abin da ya fi kyau shi ne aikin ya ɗauki lambar rajista kawai, a kuma bambanta masu ikon kallo da masu ikon taɓa maɓalli, tare da rubuta sunan duk wanda ya taɓa.

Da ƙarfe biyun dare babu mai kallon allo, ciniki ta waya kuwa ba ya barci. Don haka akan sanya iyaka ga kowane layi, alal misali minti ɗaya ga na biyan kuɗi, awa ɗaya ga na rahoto, yadda da zarar jira ya zarce haka za a buga wa mai aikin dare waya. Sai dai a tabbata wannan gargaɗi yana bin wata hanya dabam, domin idan aka jefa shi cikin layin da ya cushe, zai tsaya ne a bayan ayyuka 12,000 yana jiran a zo kansa.