Darasi: Mai Taɓin Hankali Da Maganinsa Bayan An Samu Sauƙi

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata lalura wadda da wuya a samu zuriya a nan Arewa, daga Matankari zuwa Dogondutsi har Tibiri, da ba ta san ta ba, ko da yake ba a son ambatonta a bainar jama'a, watau taɓin hankali. Za mu tsaya a gaɓa guda, wadda a ganinmu nan aka fi yin asara: ranar da marar lafiya ya samu sauƙi, sai gida ya ajiye magani.

Taɓin hankalin da muke nufi shi ne wanda mutum kan ji muryoyin da ba wanda ke jin su, ko ya sakankance ana bin sa da sharri, ko maganarsa ta rasa kan gado. Mafi daɗewa daga cikin irinsa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi da kimanin mutum miliyan 24, watau ɗaya cikin 300, kuma ya fi kama mutum tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekarun aure.

Kowa ya san yadda abin kan gudana. Saurayi ya daina barci, ya shiga magana shi kaɗai. A kai shi wurin malam a yi tofi da rubutu, waɗansu su bi ta wurin boka ko ƴan bori, a sayar da tunkiya, a taɓa rumbu. Sai an gaji ake zuwa likita. A nan a ba shi ƙwayoyi ko allura, bayan ƴan makonni ya natsu, ya koma masallaci, ya ɗauki hauya. Sai wani babba a gida ya ce, “Alhamdu lillahi, yaro ya warke, a bar ƙwayoyin nan kada su zame masa jiki.” A bari. Mako ya wuce, wata ya wuce, lafiya lau, har wanda ya ba da shawara ya ga gaskiyarsa ta fito. To, a nan tarkon yake. Ciwon ba ya dawowa washegari. Yakan ɗauki makonni ko watanni. Saboda wannan tazara, idan ya dawo ba wanda ke tuna maganin da aka ajiye, sai a ce aljanin ne ya komo, ko an sake yin sammu. Alhali kuwa natsuwar da aka gani aikin maganin ce, kamar yadda yake ga mai hawan jini ko ciwon suga.

Wannan ba zato ba ne. A 2012 mujallar likitoci The Lancet ta Ingila ta buga binciken Stefan Leucht da abokan aikinsa, waɗanda suka tattara gwaje-gwaje 65. Cikin shekara guda ciwon ya tashi ga mutum 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, amma ga waɗanda aka janye musu shi, 64 cikin 100. Lalle maganin bai kare kowa ba, sai dai bambancin ba ƙarami ba ne. Kowane tashi kuma yana tafiya da wani abu: ko noman shekara, ko aure, ko mutuncin da aka sha wuya kafin a maido.

Magungunan nan ba baƙi ba ne. A 1952 aka fara amfani da Largactil ga masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne na Paris, a hannun Jean Delay da Pierre Deniker, kuma a 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a ci gaba da sha aƙalla wata 12 bayan alamomin sun gushe. Wanda ciwon ya sha tasar masa yakan buƙaci shekaru. Ragewa ko tsayarwa hukuncin likita ne, kuma sannu a hankali ake yi.

Amma ba adalci ba ne mu ɗora laifin duka ga marar lafiya. Sau da yawa yana da dalili, kuma dalilin gaskiya ne. Maganin kan kawo nauyin jiki da yawan barci, da rawar hannu, da dalalar miyau, da ƙiba, da raunin sha'awa ga magidanci, da rikicewar haila ga mace. Manomin da damina ta sauka, ga gero na jiran noma, shi kuwa barci na ɗibarsa har hantsi, ba sai an ce masa ya jefar da ƙwaya ba. Wani lokaci ma a kwanakin farko wuya kan murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, mutanen gida su firgita su ce iskoki ne suka ƙi maganin. Ba iskoki ba ne. Illa ce sananniya, kuma tana da magani: likita kan rage awo, ko ya sauya ƙwayar, ko ya haɗa da Artane. Sai dai kada a sayi Artane a tebur, domin samari sun mai da shi abin maye. Idan kuwa zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki, wannan na gaggawa ne, a ruga asibiti ko da tsakar dare.

Akwai kuma kuɗin magani da na mota. Ba kowa ke iya kai ɗan'uwansa sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai ba, tafiyar fiye da kilomita 270 daga Dogondutsi, ko ya tsallaka iyaka zuwa asibitin Kware kusa da Sakkwato. Ga kunya: amarya ta bar ƙwayoyinta a gidan iyaye don kada dangin miji su gani. Mafi wuya duka, ciwon da kansa kan hana mai shi gane cewa ba shi da lafiya. Ba taurin kai ba ne, don haka duka da ɗauri a mari ba su koya masa kome sai tsoron danginsa.

A nan ne al'amarin ya taɓa addini. Mun sha jin ana cewa wanda ya dogara ga Allah ba ya buƙatar maganin nasara, ko kuma ruƙiyya ba ta ci sai an ajiye ƙwayoyi. Ba mu ga madogarar wannan magana ba. Ya inganta a ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani. Magabata ma haka suka fahimta: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma sha magani a kan lokacinsa. Malamin da ya ce wa iyalin marar lafiya su tsayar da magani ya ɗauki nauyin da ba fanninsa ba. Tun da kuma shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, nauyin kulawa ya koma wuyan waliyyinsa.

Watan Azumi lokaci ne da ake yawan yankewa. Tun cikin Sha'aban ya kamata a je wurin likita, domin da yawa daga magungunan nan ana iya mai da su sau ɗaya da dare. Game da allura, Majalisar Fiƙihun Musulunci a zamanta na Jidda a 1997 ta zartar cewa allurar magani wadda ba ta ciyarwa ba ta karya azumi. Wanda kuwa likita ya ce azumi zai cutar da shi, marar lafiya ne, rangwamen marasa lafiya ya hau kansa.

Abin da gida zai yi ba mai yawa ba ne, amma yana son dagewa. A ɗora wa mutum guda, wanda marar lafiya ya yarda da shi, alhakin ajiye maganin da miƙa shi, a ɗaura shan da wani abin da ba a mantawa, kamar sallar Lisha. Kada a jira ƙwayar ƙarshe kafin a nemi sabo. Idan shan kullum ya gagara, a tambayi likita game da allura mai daɗewa a jiki, irin su Modecate ko Haldol na wata-wata. A nisanta shi da wiwi da tiramol. Masu hali a unguwa su sani cewa sayen maganin wata guda ga gidan da ya gaza ya fi sauƙi bisa ga taron neman wanda ya ɓace a daji.

Saura masu tafiya ci-rani bayan kaka. Wanda zai tafi Kwatano ko Legas ya tafi da maganin da zai ishe shi, da takarda mai sunan maganin da awonsa, a kuma sanar da abokin tafiyarsa guda. Idan abokin ya ga ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ko ya fara keɓe kansa yana zargin mutane, ya kai shi likita mafi kusa da takardar a hannu, ba sai an jira dawowa gida ba.