Darasi Kan Kiyaye Haƙora: Nasiha Ga Ɗaliban Jami'a

 

Ya ku ɗalibanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ku sani haƙori amana ne, kuma na babba idan ya faɗi ba ya sake tsirowa. Mutanenmu na cewa tsutsa ke cin haƙori. Gaskiyar magana, ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin nan ya riƙa narkar da ɓawon haƙori har ya yi kogo. Saboda haka mai kurɓar shayi zagaye uku a fada, safe da dare, ya kwanta bai wanke baki ba, shi ke ciyar da maƙiyinsa.

Rigakafi uku ne. Na farko, rage zaƙi: a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Na biyu, goge haƙora sau 2 kullum, musamman kafin barci. Asuwaki sunna ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa tsoron tsananta wa al'umma ne ya hana Manzon Allah (SAW) umartar ta da shi a kowace salla. Na uku, man goge baki mai sinadarin fuluwor, domin yana ƙarfafa ɓawon haƙori.

Sai dai wannan sinadari yana da iyaka, kuma Tibiri ta isa wa'azi. Daga 1985 garin ya sha ruwan rijiyar burtsatse mai fuluwor fiye da ƙima, haƙoran yara suka yi tsatsa, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Iyakar da hukumar ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Kaɗan magani, da yawa cuta. Don haka a tofar da man, kada yaro ya haɗiye, kuma a auna ruwan kowace sabuwar rijiya.

Ilimi yana da zakka. Wanda ya koma gida hutu, Jiratawa ko Tibiri, ya duba bakin ƙannensa. In ya ga baƙin ɗigo, a kai yaron likita tun ciwo bai kai ga cirewa ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.