Yadda Za Ka Zaga Guangzhou da Ƙauyukanta Cikin Kwana Biyu

'Yan kasuwarmu da yawa sun je Guangzhou sau biyar, sau goma, amma in ka tambaye su abin da suka gani, ba ya wuce shagunan Xiaobei, ɗakin otal da ofishin masu kwantena. Abin yana damuna. Alhaji, tunda ka riga ka biya kuɗin jirgi, in an gama lodin kaya ka ware wa garin kwana biyu.

Shirin yana farawa tun kana gida. Ka sauke Alipay ko WeChat ka haɗa da katin bankinka, domin har mai sayar da ayaba a bakin titi ta waya yake karɓar kuɗi. Google da WhatsApp ba sa buɗewa a layukan ƙasar Sin, don haka ka tanadi manhajar taswira ta Amap da ta fassara. Fasfo kuma kada ya bar aljihunka, da shi ake yankar tikitin jirgin ƙasa. In zaɓi yana hannunka, ka je tsakiyar Nuwamba: zafi ya sauka, ruwa ya ɗauke, babban baje kolin nan na Canton, wanda ake yi tun 1957, ya watse, kuɗin otal ya dawo daidai.

Rana ta farko ka yi sammako, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1, ka sauka Ximenkou. Tafiya kaɗan a ƙafa za ta kai ka Masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Rufinsa irin na Sinawa ne mai lanƙwasassun gefuna, amma hasumiyarsa mulmulalliya ce, ba ado ko kaɗan, tsawonta kimanin mita 36. A da, kogi yana kusa da ita, masu jiragen ruwa suna hango ta su gane sun iso. Ka yi nafila, ka zauna a farfajiya ka ɗan jima. Musulmin garin suna danganta masallacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, har akwai kabari da sunansa kusa da lambun Yuexiu, inda ake cika maƙil ranar Juma'a. Malaman tarihinmu dai sun tabbatar a Madina aka binne shi. Ka je da ladabi, ba wurin gardama ba ne.

Abincin rana, nemi shagon taliyar Lanzhou. Musulmi ne ke riƙe da yawancinsu, a gabanka ake murza ƙullu a ja shi da hannu ya zama taliya, a zuba romon naman sa. A sauran gidajen abinci ka yi hattara, naman alade da kitsensa suna shiga girki sosai.

Da la'asar ka leƙa tsibirin Shamian ta tashar Huangsha, inda Turawan Ingila da Faransa suka yi zamansu. Awa guda ta isa. Bayan magariba ka hau jirgin ruwan yawo a kogin Zhujiang, ka ga hasumiyar Canton mai mita 600, wadda aka buɗe a 2010, tana sauya launi. Ni a ganina kallonta daga ruwa ya fi hawanta daɗi, ya kuma fi araha.

Rana ta biyu ita ce ta fi ƙima a wurina. Daga tashar Guangzhou ta Kudu ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Kaiping, daga nan tasi ta kai ka ƙauyen Zili. Tsakiyar gonakin shinkafa da kududdufan agwagi za ka ga dogayen benaye masu ƙofofin ƙarfe da ƙananan tagogi, ana kiran su diaolou. Akwai kimanin 1,800 a yankin, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2007. 'Yan ci-rani ne da suka tafi Amurka da Kanada da Ostareliya suka aiko da kuɗi aka gina su, don kare iyali daga 'yan fashi da ambaliya. Hau har saman ɗaya, ka dubi tsofaffin akwatuna da hotunan da masu gidan suka bari. Duk Bahaushen da ya taɓa aiko da kuɗin bulo gida daga wata ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ka tafi da guzurinka, domin abincin halal yana wuya a ƙauye. Kada ka taka gonar mutane, kada ka ɗauki hoton tsohuwa sai ka nemi izini, ko da nuni da hannu ne. Tikitin komowa kuwa ka yanke shi tun da safe, kada dare ya same ka a Kaiping kana neman mota.