NOMA DA KIWO: Kada Tattabara Ta Cinye Rumbu

Garin Kajiji yana ƙasar Shagari, cikin Jihar Sakkwato, a kan babbar hanyar nan da ta fito daga birnin Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega. Mutanen wannan yanki manoma ne na gero da dawa da wake, waɗanda ke kusa da fadama kuwa su kan taɓa albasa da tattasai da rani. Daminarsu gajeriya ce, ba ta cika wuce wata 4 ba, watau daga Yuni zuwa Satumba. Sabo da haka abin da magidanci ya zuba a rumbu da kaka, shi zai riƙe gidansa har wata kakar.

Duk da haka ba a rasa mutum da abin da ransa ke so bayan aikin gona. Wani doki ne sha'awarsa, wani rago, wani farauta, wani kallon ƙwallo, wani kuwa ba shi da abin da ya fi zama a gindin ɗakin tattabaru da la'asar yana kallon saukarsu. Wannan ba laifi ba ne, gama jikin da ya wuni a kunya yana bukatar abin da zai sanyaya masa rai. Laifin yana zuwa ne in sha'awa ta soma cin abincin yara ba a sani ba. A nan za a ɗauki kiwon tattabara a yi misali da shi, don shi ne talaka da attajiri da malamin ofis duk su ke iya yi, kuma shi aka fi rena abin da ya ke ci.

Lissafin Tsaba

Tattabara guda ta kan ci tsaba kamar giram 30 a yini. Mai watsa musu hatsi da hannu ba ya ganin wannan a bakin kome. To, amma a ce mutum yana da aure 10, watau mata 10 da maza 10, kuma ya tsare su a ɗaki ba su fita. A yini za su ci giram 600, a wata kilo 18, a shekara kuwa kusan kilo 220. Ya zama buhu 2 ke nan na kilo ɗari-ɗari har da ɗori, ban da ƙarin da su ke ci sa'ad da su ke ciyad da 'ya'ya. Wannan ya yi kusa da hatsin da mutum guda ya ke ci a shekara. Ashe mai aure 10 a tsare ya ƙara baki guda ke nan a gidansa, mai aure 30 kuwa ya ƙara baki 3. Da yayyafi kogi kan cika.

Sa'an nan a duba abin da su ke mayarwa. Tattabara ƙwai 2 ta ke yi a lokaci guda. Mace da namiji su ke karɓa-karɓar kwanci, namiji da rana, mace da dare, su ƙyanƙyashe bayan kwana 18 ko kusa da haka. Su biyun kuma su ke ciyad da 'ya'yan da wani abu mai kama da nono da ke fitowa daga maƙoshinsu. Cikin mako 4 ɗan shila ya isa yanka ko sayarwa. A ce ko wane aure ya tsirad da 'yan shila 8 a shekara, aure 10 sun ba da 80 ke nan. In aka raba hatsin nan a kansu, ko wane ɗan shila ya tashi a kan kusan kilo 3 na gero.

Ga ma'aunin da mai kiwo zai riƙe, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Ran da ya kai ɗan shila kasuwa, ya tambayi kuɗin gero kilo 3. In kuɗin ɗan shilan bai fi wannan ba, to, rumbu ne ke ɗauke da tattabarun. Wanda ya ga yadda hatsi ya yi tsada a shekarun 2023 da 2024, bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ya san wannan lissafi ba wasa ba ne.

Hanyar Rage Abincin

Abu na fari shi ne a bar su su fita. Tattabarar gida ta san hanyar gidanta, kuma da kaka ba ta rasa abin tsinta a masussuka da gonakin da aka girbe. In ta sami rabin abincinta a waje, kuɗin ɗan shila ya ragu da rabi. Sai a ba su kaɗan da yamma kurum, a lokaci guda ko wace rana, don su saba da komowa. Amma da shuka lalle a tsare su 'yan kwanaki. Dalili kuwa biyu ne: kada su tone wa maƙwabci iri a yi ta shari'a, kada kuma su ci irin da aka gauraya da maganin ƙwari, gama wannan guba ne, yana iya kashe garke duka a wuni ɗaya.

Na biyu, ba sai tsabar da mutane za su ci ba. Tsakin da ya rage bayan tankaɗe, da kalar gona, da sharar masussuka in an sheƙe ta, da ɓarzajjen wake wanda ba ya sayuwa, duk abinci ne mai kyau. Waken nan ma shi ke sa 'yan shila saurin girma. Yaran gida in an ba su ƙwarya da kaka, sai su tara abin da zai kai tsuntsayen wata da watanni. Abin da za a guje wa shi ne hatsin da ya yi fumfuna, don yana kashe tsuntsu ko ya hana shi ƙwai.

Na uku, a daina watsawa a ƙasa. Abin da aka watsa, kaji da ɓeraye da tsuntsayen daji su ke raba shi da tattabaru, saura kuma ya gauraya da kashi ya kawo cuta. A zuba a kasko ko a tsohon faranti, gwargwadon abin da za su cinye nan take. A ajiye musu 'yar tsakuwa ƙanana da dakakken ɓawon ƙwai da ɗan gishiri a wani mazubi dabam, gama da tsakuwa su ke niƙa tsaba a ciki. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na huɗu, a rage masu ci ba su biya. Namijin da ba shi da mace, ban da ci, faɗa ya ke haddasawa har a fasa ƙwai. Tattabara ta kan soma ƙwai tana da wata 6 ko kusa da haka, bayan shekara 4 ko 5 kuwa sai haihuwarta ta ja baya. Aure 5 masu haihuwa sun fi aure 15 da rabinsu zaman banza su ke yi.

Ɗaki

Ba a bukatar kafinta ko kwanon rufi sabo. Tsohuwar tukunya, da tulun da ya tsage, da kwandon da ya mutu, duk gidan tattabara ne in an kafa su a bango ko a kan rumfa, nesa da ƙasa, inda muzuru da gafiya da maciji ba su kai wa. A juya bakinsu daga gabas, inda iska da ruwan damina su ka fi bugowa. Abin da ya kamata a kula da shi ƙwarai shi ne ko wane aure a ba shi tukunya 2. Dalili kuwa, uwar ta kan sake yin ƙwai tun 'ya'yan fari ba su tashi ba. In ba ta da wurin na biyu, ko ta jinkirta, ko ta yi ƙwan a cikin 'ya'yan su tattake shi. Tukunya guda da aka tsinta a bayan ɗaki tana iya ƙara wa mutum 'yan shila da dama a shekara.

A ƙasar Masar har yau manoma suna gina dogayen ɗakunan tattabaru da laka, su jera tukwane a jikin ginin. Abin da su ke aiki da shi, laka da tukunya, akwai shi a ko wane ƙauye na ƙasar Shagari.

Tattabarun Ado

Akwai tattabarun waje masu tukku, da masu gashi a ƙafa, da masu wutsiya kamar mafici. Suna da kyan gani, kuɗinsu kuwa ya kan ninka na 'yan gida sau da yawa. Galibinsu ba su iya nisan tashi, sabo da haka ba su ciyad da kansu, shaho kuma ba ya wahala a kansu. Waɗansunsu ma ba su iya renon 'ya'yansu sosai. Wanda ransa ya biya ƙwarai, kada ya sai da hatsi ya saya, kada kuma ya ci bashi. Ya fara da 'yan gida, ya tara kuɗin 'yan shila, ya sayi aure guda. In na adon sun yi ƙwai, yana iya sa shi ƙarƙashin 'yar gida wadda ta yi nata a kwanakin nan, ta ƙyanƙyashe ta rena masa. Masu kiwo kuma su kan yi musaya tsakaninsu ba tare da kuɗi sun shiga ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Cuta

Hasarar da ta fi ko wace zafi ita ce mutum ya sayo tsuntsu guda a kasuwa, ya kashe masa 20 a gida. Duk wadda aka sayo, a ware ta mako 2 a wani keji, a ga lafiyarta tukuna. A sake ruwan sha ko wace safiya, a wanke kaskon, don ciwon nan da ke sa farin abu kamar cuku a maƙogwaron 'yan shila ta ruwan sha ya ke yaɗuwa. Akwai kuma wani mai sa zawo da murɗewar wuya, ɗan'uwan annobar nan da ke share kaji da hunturu. Ba shi da magani in ya kama, sai rigakafi. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin alluran rigakafin kaji, malamin dabbobi na ƙaramar hukuma shi zai faɗi wadda ta dace. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya, a Jihar Kaduna cikin Fabrairu, 2006, shawarar likitocin dabbobi ita ce in tsuntsaye su ka soma mutuwa da yawa a kai rahoto, a binne matattun, kada a ci, kada a kai kasuwa.

Taki

Ribar da aka fi mantawa da ita tana ƙarƙashin ɗakin. Kashin tattabara ya fi na shanu ƙarfi nesa. A Isfahan, cikin ƙasar Iran, tun fiye da shekara 300 da su ka wuce an gina manyan hasumiyoyi don tattabaru kurum, ba don nama ba, sai don a kwashi kashinsu a kai gonakin kankana da danginta. Manomin da ya sha tsadar takin zamani tun daga 2022 bai kamata ya bar nasa iska ta kwashe ba. A share ko wane mako, a yayyafa ruwa kafin shara, a kuma rufe hanci, gama ƙurarsa tana ɓata huhu. A tara a buhu a inuwa. Kada a zuba shi ɗanye a gindin shuka, yana ƙonewa. A gauraya shi da ƙasa da ƙaiƙayi, a bar shi ya ruɓe, sa'an nan a kai fangalin albasa ko tattasai.

Sauran Abubuwan Sha'awa

Abin da aka faɗa game da tattabara ya shafi doki da rago da goro da shayi da katin waya da kuɗin gidan kallon ƙwallo. Ba ranar suna ko ranar biki kaɗai ke karya magidanci ba. Wanda ke ɗibar mudu 1 ko wane mako ya kai kasuwa don kuɗin shayi, a shekara ya fid da mudu 52. Yawancinsu kuwa da kaka ya sayar, sa'ad da hatsi ke araha, ga shi zai sake sayensu cikin Yuli da Agusta, sa'ad da ya fi tsada.

Maganin abin shi ne a yanka wa sha'awa rabonta tun da wuri. Manomi in ya gama girbi, ya fid da zakka, ya ware iri, ya auna abincin gida har wata kaka, to, daga abin da ya saura ne zai ɗebi na tsuntsu, ya zuba a tulu dabam. In tulun ya ƙare, a rage tsuntsaye, kada a buɗe rumbu. Ɗan kasuwa kada ya taɓa uwar kuɗi, ya tsaya kan riba. Malamin ofis kuwa, wanda ba shi da gona, ya sayi hatsin shekara da kaka, nasa da na tsuntsayensa, maimakon awon mudu-mudu da damina.

Kuɗin 'yan shila kuma a yi musu asusu nasu. A sami ɗan littafi, ko a sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubutawa: hatsin da aka ba su a hannun dama, abin da aka sayar ko aka yanka wa gida a hannun hagu. In shekara ta kewayo a haɗa. Wanda ya ga hagu ta rinjayi dama, ya ƙara tukwane. Wanda ya ga dama ta rinjaya, ya kai rabin garken kasuwar Shagari ko ta Boɗinga tun kafin ruwa ya sauka, ya sayo iri da kuɗin.