Muryar maigida a waya

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani maɗinki a Anguwar Magajiya, cikin birnin Zariya. Ya ce an turo wa yaron shagonsa saƙo ta WhatsApp da muryarsa sak, wai maza ya tura kuɗin shadda wani asusu a Kano. Allah ya sa yaron ya kira shi tukuna. Tambayarsa ita ce, da gaske na'ura na iya ɗaukar muryar mutum?

Ƙwarai kuwa, Malam. Ƙirƙirarriyar basira ba ta buƙatar abu mai yawa. Saƙonnin muryar da muke zubawa a zaurukan WhatsApp, da bidiyon tallar kaya a Facebook da TikTok, sun ishe ta koyon yadda kake magana. Daga nan duk abin da ɗan damfara ya rubuta mata, da bakinka za ta faɗa. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya zauna taro ta bidiyo da shugaban sashen kuɗinsu da wasu abokan aiki. Fuska tasu, murya tasu, amma duk jabu ne. Ya tura kimanin dala miliyan 25.

Abin da ya fi damuna a nan birni shi ne kunya. Cinikinmu a kan amana ya ginu. Dillali a Kano ya ji muryarka, ya ɗora maka kaya a mota. Yaron da ya taso a hannunka kuwa nauyin baki zai hana shi cewa, "Alhaji, kai ne?" Nan ɓarawon ke shiga, ya haɗa da gaggawa, ya ce yana gaban mai kaya, kada a kira shi. Saboda haka kai za ka cire wa yaranka wannan nauyi. Ka tara su ka ce: duk saƙon a tura kuɗi, ko da muryata ne, a kashe a kira ni a lambar da aka sani, kuma ba zan ji haushi ba. Ku ajiye wata kalma tsakaninku wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba. Yaron nan naka ya cancanci tukuici.

Sai wata Hajiya mai sayar da atamfa a Ƙofar Doka, tana kukan alat na bogi. Hajiya, tun ƙarancin takardun naira na 2023 da ciniki ya koma tiransifa wannan matsala ta yi ƙamari. Saƙon tes da hoton rasit ba shaida ba ne. Ki buɗe manhajar banki ki ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar shago. Bankuna ma suna amfani da wannan basira wajen gano hada-hadar da ba ta yi kama da taki ba, amma in kika karanta wa wani lambar sirrin da aka turo miki, ko BVN, kin buɗe masa ƙofa da kanki. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

In abin ya riga ya faru, banki za a fara kira nan take, sannan 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci.